Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Duniyar Kwaikwayo, Kallon Halitta da Matsin Aikin Ofis

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa aikin ofis ba shi da nauyin da ake ɗauka a ka. Akawu ba ya saran itace, sakatare ba ya huɗa, amma sau da yawa akan ga ma'aikaci ya tashi daga aiki da la'asar a galabaice, kansa na sarawa, wuyansa ya sage, dare ya yi kuma barci ya ƙi zuwa. Irin wannan gajiya, wadda ba ta gaɓoɓi ba ce, ita ce a wannan lacca za a riƙa kira matsin aiki. Turawa sun aro sunanta ne daga wajen injiniyoyi, inda take nufin nauyin da aka ɗora wa ƙarfe ko azara har ta fara lanƙwasa.

A 'yan shekarun nan an fito da wata dabara ta rage wannan matsi. Ana sanya wa ma'aikaci wani tabarau na musamman wanda ke rufe masa ofis ɗungurungum, ya ga kansa a bakin teku ko a tsakiyar itatuwa na tsawon minti goma, sa'an nan ya cire ya koma kan teburinsa. Manufar laccar ita ce a bayyana tushen wannan dabara, da yadda na'urar ke aiki, da abin da gwaje-gwaje suka nuna, da kuma inda ƙarfinta ya tsaya.

Matsin Aiki da Abin da Yake Yi wa Jiki

Tun cikin 1915 wani masanin aikin jiki na Jami'ar Harvard, Walter Cannon, ya bayyana cewa idan dabba ta hangi haɗari, jikinta yakan shirya nan take domin ɗayan abu biyu, ko faɗa ko gudu. Wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke zaune a bisan ƙoda su ke tsarto sinadarin adiranalin cikin jini, zuciya ta ƙara bugawa, numfashi ya yi sauri, jini ya bar hanji ya nufi damatsa da cinyoyi. A 1936 kuma Hans Selye, wanda ke bincike a Montreal ta Kanada, ya nuna cewa idan abin da ke tayar da hankalin ya ƙi wucewa, jiki yakan bi matakai uku: firgita, da juriya, da ƙarewar ƙarfi. A matakin juriya ne sinadarin kotisol ke yawaita a cikin jini.

Wannan shiri yana da amfani ƙwarai ga mafarauci da ya yi kiciɓis da ɓauna, domin cikin 'yan mintoci an rabu, jiki ya koma daidai. Matsalar ma'aikacin ofis ita ce abin da ke firgita shi ba ya tafiya. Fayil ɗin da aka ce a gama kafin Litinin, da takardar tuhuma, da ƙarin girman da aka yi shekara biyar ana jira, babu wanda za a yi kokawa da shi ko a guje masa. Saboda haka jiki yakan zauna cikin shirin yaƙi wata da watanni, kuma daga nan ne hawan jini da rashin barci da ciwon zuciya ke samun ƙofa.

Shaidar da ta fi shafar ma'aikatan gwamnati ta fito ne daga Landan. A 1967 aka fara bin lafiyar maza kimanin 18,000 da ke aiki a ma'aikatun gwamnatin Ingila, binciken da aka sa wa sunan Whitehall, watau titin da ma'aikatun suke. Da yawa sun zaci manyan sakatarori, masu ɗauke da nauyin yanke shawara, su ne za su fi jin jiki. Sai aka tarar da akasin haka. A cikin shekara goma, yawan mutuwa a tsakanin 'yan ƙaramin mataki, irin su masinjoji da masu tsaron ƙofa, ya ninka na manyan jami'ai kusan sau uku, kuma kowane mataki ya fi na samansa shan wahala. Kashi na biyu na binciken, wanda Michael Marmot ya fara a 1985 da ma'aikata 10,308 maza da mata, ya gano cewa ɗaya daga cikin dalilan shi ne rashin iko a kan aiki. Wannan ya zo daidai da abin da Robert Karasek ya faɗa a 1979, cewa aikin da ya fi cutarwa shi ne wanda buƙatunsa suka yi yawa alhali mai yin sa ba shi da ta cewa game da yadda za a yi shi.

A 1 ga wata ba a ganin wannan asara a takardar albashi, amma an ƙididdige ta. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun kimanta cewa a 2016 mutum 745,000 suka mutu da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki saboda yin aikin sa'a 55 ko fiye a mako. A 2022 kuma suka ce ana asarar ranakun aiki biliyan 12 kowace shekara saboda baƙin ciki mai tsanani da fargaba, abin da ya kai dala tiriliyan ɗaya.

Abin da Ido Yake Sha

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa idan rai ya ɓaci akan fita shan iska, kuma hira ta fi daɗi a gindin bishiya. Abin da masu bincike suka ƙara shi ne awo.

A 1984 Roger Ulrich ya buga sakamakon wani nazari da ya yi a kan takardun wani asibiti a jihar Fensilbaniya ta Amurka. Ya zaɓi majinyata 46 da aka cire wa matsarmama tsakanin 1972 da 1981, ya haɗa su bibbiyu bisa ga shekaru da jinsi da ƙiba da shan taba. Ɗakunansu iri ɗaya ne, sai dai tagar rabinsu tana kallon itatuwa, ta sauran kuwa tana kallon bangon bulo. Ya kuma taƙaita ga watannin da itatuwan ke da ganye. Masu kallon itatuwa sun yi kwana 7.96 a asibiti bayan aiki, masu kallon bango kuwa 8.70. Har ila yau na farkon ba su nemi magungunan kashe zafi masu ƙarfi kamar na biyun ba.

A 1991 Ulrich da abokan aikinsa suka matsa gaba. Suka nuna wa mutum 120 wani fim mai tayar da hankali game da haɗurran wurin aiki, sa'an nan suka nuna wa wasu hotunan bidiyo na itatuwa da ruwa, wasu kuma na tituna da motoci, suna auna bugun zuciya da gumin fata da ɗaurewar tsoka. Waɗanda suka kalli itatuwa da ruwa sun fi saurin komawa daidai. A nan ya kamata a lura da wani abu muhimmi: waɗannan mutane ba su taka ko'ina ba, hoto kawai suka gani.

Akwai bayani iri biyu game da dalilin haka. Ulrich yana ganin cewa ɗan Adam ya yi dubban shekaru yana rayuwa a fili, inda ruwa da inuwa da sararin hango abokin gaba suke nufin tsira, don haka jiki yakan saki da zarar ido ya gan su, tun kafin tunani ya sa baki. Masanin halittu Edward Wilson ya faɗi makamancin wannan a 1984. Bayani na biyu na Rachel Kaplan ne da mijinta Stephen Kaplan, na Jami'ar Mishigan, a littafinsu na 1989. Sun ce hankali iri biyu ne. Akwai wanda mutum ke tattarawa da ƙarfi, kamar lokacin duba lissafin kuɗi ko rubuta rahoto, kuma wannan yana ƙarewa kamar yadda ruwan randa ke ƙarewa. Akwai kuma wanda ke tafiya da kansa, kamar lokacin kallon gajimare ko motsin ganye, kuma yayin da wannan ke aiki ne na farkon ke samun sukunin cika. A ganinsu wurin hutawa na gari yana da siffa huɗu: ya raba mutum da abin da ya saba, ya ja hankali a sannu ba da fizga ba, ya kasance da faɗin da tunani zai yi yawo, ya kuma dace da abin da mutumin ke so.

An gwada wannan a wurare da dama. A Japan hukumar kula da gandun daji ta fito da shirin da ta kira wankan kurmi a 1982, kuma wani bincike na 2010 da aka yi da mutum 280 a dazuzzuka 24 ya sami raguwar kotisol da bugun zuciya da hawan jini idan aka kwatanta da cikin gari. A Melbon ta Ostareliya, a 2015, an ba ɗalibai 150 wani aiki mai gundura a kwamfuta, aka ba su hutun daƙiƙa 40 kacal. Waɗanda suka kalli hoton rufin bene mai ciyawa da furanni sun fi waɗanda suka kalli rufin siminti ƙarancin kuskure bayan hutun.

Na'urar Duniyar Kwaikwayo

Idan hoto a bango yana da wannan tasiri, tambayar da ta biyo baya ita ce, yaya zai kasance idan aka sa mutum a cikin hoton? Wannan shi ne aikin na'urar duniyar kwaikwayo.

Asalin dabarar tsoho ne. Idanun mutum biyu suna da tazarar kimanin santimita 6 a tsakaninsu, saboda haka kowane ido yana ganin abu ta ɓangare dabam kaɗan, ƙwaƙwalwa kuma ita ke haɗa hotunan biyu ta fitar da nisa da zurfi. Charles Wheatstone ya nuna haka a Ingila a 1838 da wata na'ura mai madubai. A 1962 Morton Heilig ya yi rajistar wani akwati da ya kira Sensorama, wanda mai kallo ke cusa kai a ciki ya ji kamar yana kan babur a titunan birni, har da iska da wari da jijjiga. A 1968 Ivan Sutherland ya ƙera tabarau na farko mai haɗe da kwamfuta, wanda sai da aka maƙala shi a jikin wani ƙarfe da ke reto daga rufin ɗaki. Na'urar ba ta shigo hannun talakawa ba sai bayan 2012, lokacin da aka fito da Oculus Rift. Kamfanin Facebook ya sayi masu ƙera shi a 2014 a kan kimanin dala biliyan 2, kuma a 2020 aka sayar da samfurin Quest 2, wanda ba ya buƙatar waya ko kwamfuta, a kan dala 299.

Abu uku ke sa ƙwaƙwalwa ta yarda. Na farko, kowane ido yana da nasa hoton a bayan gilashi mai ƙara girma. Na biyu, akwai ma'aunai a cikin tabaron da ke bin motsin kai, ta yadda idan mutum ya waiwaya, hoton zai juya tare da shi cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Na uku, sauti yana zuwa daga inda ya kamata, kukan tsuntsu daga sama, ƙarar ruwa daga gefe. Idan waɗannan suka haɗu, mutum yakan ji yana can, ko da yake ya san sarai yana kan kujera.

Likitoci sun ci moriyar wannan. A Jami'ar Washinton, Hunter Hoffman da David Patterson sun ƙirƙiri wata duniyar ƙanƙara mai suna SnowWorld domin waɗanda wuta ta ƙona, suka ga cewa majinyaci yana jin sauƙin zafi lokacin wanke gyambo idan hankalinsa yana can. A Nuwamban 2021 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wani shiri irin wannan domin masu daɗaɗɗen ciwon baya.

Abin da Gwaje-gwaje Suka Nuna

A Suwidin, a 2013, Matilda Annerstedt da abokan aikinta sun tayar wa maza 30 hankali da gangan, ta hanyar sa su yin jawabi da lissafi a gaban wasu alƙalai. Daga nan aka kasa su uku. Kashi ɗaya suka huta a kurmin kwaikwayo mai kukan tsuntsaye da ƙarar ƙorama, kashi na biyu a kurmin nan dai amma shiru, na uku kuma a ɗaki. Masu kurmi da sauti ne zukatansu suka nuna alamun natsuwa sosai. Wasu daga cikin masu kurmin shiru ma sun ce sun ji kamar wani mugun abu zai fito. Duk wanda ya taɓa tafiya a jeji ya ji tsuntsaye sun yi tsit ya san wannan tsoro.

A 2017 masu bincike a Dartmouth ta Amurka, cikinsu har da Jay Buckey wanda ya taɓa zuwa sararin samaniya, sun ba mutum 18 lissafi mai wuya, sa'an nan suka nuna masu karkarar Ailan, da bakin teku, da kuma azuzuwan makaranta, kowanne minti 15. Wuraren halitta sun fi kwantar da jiki, kuma wurin da mutum ya fi so shi ya fi gyara masa rai. Manufarsu ita ce taimakon waɗanda aiki ya kulle a inda babu tsiro ko ɗaya. A Nuwamban 2023 aka aika da irin wannan tabarau zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, inda Andreas Mogensen na Denmak ya yi amfani da shi.

Gwajin da ya fi kusa da wurin aiki na yau da kullum an yi shi ne a wani asibitin koyarwa na Groningen a ƙasar Holan, lokacin annobar korona. An ajiye wa ma'aikatan jinya na sashen kulawa ta musamman tabarau domin hutun minti goma. Waɗanda suka sa sun ce matsin da suke ji ya ragu da kimanin kashi 40 cikin 100. Amma kashi ɗaya bisa huɗu ne kawai na ma'aikatan suka taɓa sa shi, kuma babban dalilin da aka bayar shi ne aiki ya yi yawa, babu lokaci. Watau abin da ya haddasa ciwon shi ne ya hana shan maganin.

Inda Ƙarfin Dabarar Ya Tsaya

Kama da wane ba wane ba ne. A 2008 Peter Kahn ya gwada mutum 90 a wani ofis a Jami'ar Washinton. Kashi ɗaya suna da taga ta gilashi mai kallon itatuwa da ruwa, kashi na biyu suna da babban allon talabijin da ke nuna wannan wuri dai kai tsaye, na uku kuma bango ne kawai. Zukatan masu tagar gaske sun fi saurin komawa daidai, masu allo kuwa ba su fi masu bango da komai ba. A 2020 Matthew Browning da abokan aikinsa sun kwatanta zaman minti shida a cikin itatuwa na gaske da zaman minti shida a hoton wurin cikin tabarau. Dukansu sun fi zaman ɗaki, amma farin ciki bai ƙaru ba sai ga waɗanda suka fita waje. Tabarau ba shi da hasken rana, ba shi da ƙanshin ƙasa bayan ruwan fari, ba ya kuma sa ƙafa ta yi tafiya.

Sa'an nan akwai jiri da tashin zuciya. Idan ido ya ce jiki yana tafiya, ma'aunin daidaito da ke cikin kunne kuma ya ce yana zaune, ƙwaƙwalwa takan rikice, kamar yadda ke faruwa ga mai karatu a cikin mota. Bugu da ƙari, yawancin gwaje-gwajen da aka ambata ƙanana ne, an yi su da mutane kaɗan, kuma abin da suka auna shi ne sauƙin mintoci ko sa'o'i.

Babban haɗari kuwa ba na na'ura ba ne, na shugabanci ne. A 2024 William Fleming na Jami'ar Oksfod ya duba bayanan ma'aikata 46,336 a ma'aikatu 233 na Birtaniya. Bai nazarci tabarau ba, amma ya duba 'yan uwansa, irin su darussan shaƙatawa da horon juriya da manhajojin waya. Ya tarar waɗanda suka shiga shirye-shiryen ba su fi waɗanda ba su shiga ba kwanciyar rai. Idan aka tuna da darasin Whitehall, wannan ba abin mamaki ba ne. Ma'aikatar da ta ɗora aikin mutum uku a kan mutum ɗaya, ta hana shi hutun shekara, ta jinkirta masa albashi, sa'an nan ta miƙa masa tabarau, ta bar jaki tana dukan taiki.

Daji ko Lambu?

Akwai wani al'amari da ya shafi harshe da al'ada, wanda ya kamata duk mai son kawo wannan dabara ƙasar Hausa ya yi la'akari da shi. Gwaje-gwajen nan an yi su ne a Turai da Amurka da Japan da Ostareliya, kuma hotunan da aka nuna na can ne: kurmi mai duhu, da duwatsun ƙanƙara, da teku. Baturen birni yana ɗaukar kurmi wurin shaƙatawa. Ga Bahaushe kuwa daji kishiyar gari ne. Can ne mazaunin namun dawa da iskoki da 'yan fashi, kuma mahaukaci ko mafarauci ko mai neman itace ne ke shigarsa shi kaɗai. Tun daga shekarun 2010, rashin tsaro a dazuzzukan arewacin Nijeriya ya ƙara wa wannan kalma nauyin tsoro. Ma'aikacin da aka sace ɗan uwansa aka kai daji ba zai sami natsuwa ba don an sa shi a tsakiyar kurmi, ko da na hoto ne.

Wuraren da Bahaushe ke dangantawa da sanyin rai su ne waɗanda hannun mutum ya taɓa: lambu mai mangwaro da gwaiba, fadama da rani, gona bayan noman farko lokacin da gero ya kai gwiwa, bakin tafki da yamma shanu na shan ruwa, inuwar ceɗiya ko durumi a ƙofar gida. Wannan ya yi daidai da sharaɗin dacewa na su Kaplan, da kuma abin da aka gani a Dartmouth game da zaɓin mai kallo. Ke nan idan za a gwada dabarar a Kano ko Zinder, hoton dausayin Haɗeja da Nguru ko na bakin madatsar Tiga zai fi cancanta a fara da shi a kan na wata ƙasa mai nisa. Wannan fili ne na bincike da ke jiran ɗaliban ilimin halayyar ɗan Adam da na harshe su haɗa hannu.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya tsayar da magana kamar haka. Kallon itatuwa da ruwa yana kwantar da jiki, kuma an auna hakan. Kwaikwayonsu a cikin tabarau yana kawo wani kaso na wannan amfani na ɗan lokaci, musamman idan an haɗa da sauti kuma an bar mutum ya zaɓi wurin da yake so. Ga ma'aikacin da ba shi da hanyar fita, kamar mai jinya a aikin dare, ko mai aiki a rijiyar mai ta tsakiyar teku, da babu gara ba daɗi.

Ga sauran ma'aikata kuwa akwai hanyar da ta fi araha, ba ta kuma buƙatar lantarki. Wani bincike na 2019 da ya shafi mutum kusan 20,000 a Ingila ya nuna cewa waɗanda ke samun minti 120 a mako a cikin itatuwa ko bakin ruwa sun fi ba da labarin ƙoshin lafiya, ko a zama ɗaya suka yi shi ko a rarrabe. Minti 120 a mako bai kai minti 25 a kowace ranar aiki ba. Shugaban ma'aikata da ke son amfana da wannan ilimi zai iya farawa da kawar da kabad ɗin fayil da ya toshe taga, ya sa a dasa darbejiya a harabar sakatariya maimakon a malale ta da siminti, ya ajiye benci a inuwa, ya kuma tabbatar an bar ƙananan ma'aikata sun yi hutun rana da na shekara kamar yadda dokar aiki ta tanada. Bayan an yi waɗannan, sai a duba ko akwai sauran masu buƙatar tabarau.